Mai ƙwai 500 da mai ɗa guda: malam-buɗe-littafi da ayu

  

Ni malamin yaƙi da jahilci ne cikin wani gari kusa da Filinge. Yau ina so in ba ku labarin halitta biyu. Guda tana tashi sama, guda tana kwance cikin ruwa. Guda kowa ya san ta, guda kuwa mafi yawanmu ba mu taɓa ganin ta ba, sai dai manta cikin kwalba ranar kasuwa. Cikin labarin akwai wani laifi nawa, kuma ba ni ɓoye shi.

Abin da ya kawo maganar

Cikin watan Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, ana yankan hatsi. Da la'asar muna zaune cikin runfar karatu, ina rubuta sunayen masu son shiga aji. Bayan runfar akwai sabara, ta yi fure. Sai ga malam-buɗe-littafi sun cika wurin, suna sauka suna tashi. Guda ya shigo ya sauka bisa allo, shina buɗe fiffike shina rufewa. Mutane sunka fashe da dariya. Wani saurayi ya ce: "Mushe, ga abokin aikinka ya zo taya ka!"

Cikin masu rubuta suna akwai wani dattijo makiyayi. Shi bai yi dariya ba. Ya ce mini: "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Kowace kaka ina ganin waɗanga. Da rani babu ko guda. Daga ina suke zuwa, ina kuma suke tafiya?"

Na ce: "Baba, ban sani ba. Amma ka ba ni kwana bakwai."

Ran Lahadi na tafi kasuwar Filinge. Da na gama cefane na biya wurin wani ma'aikacin gandun daji da na sani. Na kwatanta mishi kamar abin: fiffike ruwan goro, bakinsu baƙi da ɗigo-ɗigon fari, cikinsu kuma kamar launin busasshiyar ƙasa. Ya nuna mini hoto cikin salula, na ce shi ne. Ya zaunar da ni, ya karanta mini abin da masana sunka rubuta, shina fassara mini da Hausa, ni kuma ina rubutawa.

Matafiyi marar guzuri

Malam-buɗe-littafi iri-iri ne. Wanga da nike magana, masana na ce mishi Vanessa cardui. Faransawa na ce mishi bel-dam, wato kyakkyawar mace. Faɗinshi in ya buɗe fiffike santimita 5 zuwa 6 ne. Nauyinshi bai kai ƙwayar gujiya guda ba.

To, wanga ɗan abu baƙo ne. Da yawa cikin waɗanda muke gani da kaka daga ƙasashen Turai suke. In sanyi ya gabato can, sai su taso. Su ƙetare tekun da ke tsakanin Turai da ƙasashen Larabawa, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka ƙasashenmu lokacin da haki ke ɗanye. Tafiyar takan kai kilomita 4,000. Daga Filinge zuwa Yamai kamar kilomita 180 ne. Ku lissafa: ya fi zuwa Yamai sau 20. Suna hawa sama ƙwarai, mita 500 ko fiye, inda iska ke tura su. Shi ya sa ba mu ganin zuwansu, sai dai mu wayi gari mu gan su bisa fure.

In sun sauka, macen ta yi ƙwai bisa ganye. Mace guda tana iya yin ƙwai kamar 500. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta ci hakin daji, ta naɗe kanta cikin ɗan ɓawo, ta fito da fiffike. Daga ƙwai zuwa tashi kamar wata guda ne. Shi kuma mai fiffiken bai wuce sati uku ko huɗu a duniya. Kada mu haɗa shi da tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Waccan uwarta daban ce, da dare take yawo.

In hakinmu ya bushe, ɗiyansu su yi kudu inda ke da sauran danshi. Wajen Fabrairu jikoki su juya arewa, su sake ƙetare hamada, su bi ta Maroko da Aljeriya, su koma Turai. Zuwa da komowa kilomita 12,000 zuwa 14,000 ne. Wanda ya faro tafiyar ba shi ke ƙare ta ba. Sai an yi zuri'a shida ko fiye kafin a zagayo.

An daɗe ba a san inda suke ɓacewa ba in sun bar Turai. A shekarar 2014 wasu masana biyu na birnin Barselona ta ƙasar Ispaniya, Gerard Talavera da Roger Vila, sunka biyo sawunsu. Sun zo Senegal da Benin da Cadi da Habasha, sunka tarar da su dubbai suna hayayyafa. Daga baya, a 2021, wani bincike ya nuna cewa in haki ya yi kyau a ƙasashenmu na kudancin Sahara, sai su cika Turai bayan 'yan watanni. In an yi fari, su yi kaɗan. Ashe har Bature na ganin alamar daminarmu cikin lambunshi.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Cikin Oktoba na 2013, shi Talavera ya tsinci waɗansu a bakin teku a Giyana, can Amurka ta Kudu, inda ba a san su ba. Fiffikensu duk sun yayyage. Anka duba garin furen da ya manne a jikinsu. Furen mine ne? Furen sabara da na kurna! Sai a 2024 anka bayyana sakamakon: daga Afirka ta Yamma sunka taso, sunka ƙetare babban teku, kilomita 4,200, cikin kwana 5 zuwa 8, iska na tura su, ba ci ba sha. Tsawon gulbin Isa ke nan gaba ɗaya, tun daga tsaunukan Gine har inda ya faɗa teku a Najeriya.

Hoton da ke jikin bango

Na gama rubutu, na tashi za ni tafiya. Sai idona ya faɗa bisa wata takarda a bangon ofis, mai hotunan namun dajin da doka ta hana a kashe. Ga raƙumin dawa, ga dorina, ga jimina. Can ƙasa ga wani abu mai kama da babbar salka, da wutsiya kamar faifai. Gabana ya faɗi. Na san shi. Ayu ne.

Ina da shekara 20 da 'yan kai na tafi cin rani bakin gulbi, wani ƙauyen masunta tsakanin Bumba da Gaya. Bumba kuwa nan ne Dallol Boso namu ke faɗawa cikin Isa. Masana sun ce shekaru dubbai da sunka wuce Dallol gulbi ne mai gudu. Aikina can ɗaukar kifi da shanya shi.

Wata safiya, ruwa ya janye, sai na ji hayaniya. Na sheƙa. Na tarar an jawo ayu bakin gaɓa, an soke ta da mashi cikin dare. Tsawonta ya kai mutum biyu in sun kwanta kai da ƙafa. Mace ce. Da anka birkice ta, na ga nono na zuba daga hamatarta, fari fat kamar na saniya. Wani tsohon masunci ya dubi ruwa ya ce: "Tana da ɗa. Shina nan kusa." Ba wanda ya tanka. Kafin azahar an raba nama, an soya kitse, an ɗura cikin kwalabe.

Lokacin tsohuwata na fama da ciwon gwiwa. Tun ina yaro nike ji ana cewa man ayu maganin sanyin ƙashi ne, maganin ciwon kunne, maganin maza da mata. Na zaro jikka biyu cikin kuɗɗin cin ranina, na sayi kwalba guda. Na kawo gida ina murna. Na ce: "Inna, ga magani daga gulbi." Ta shi mini albarka. Ta shafa har kwalba ta ƙare. Gwiwa tana nan yadda take. Sai da munka kai ta likita anka ba ta ƙwayoyi, kana ta samu sauƙin taka ƙafa.

Shekara da shekaru ban sake tuna ɗan ayun nan ba. Ran nan cikin ofis ya faɗo mini a rai. Na koma na zauna, na ce ma ma'aikacin: "Don Allah, karanta mini na wanga shi ma."

Ayu ba kifi ba ne

Ayu dabba ce mai numfashi da hanci, mai haihuwa, mai ba da nono. Masana na lissafa shi cikin dabbobin teku masu shayarwa, don shina zama cikin ruwan gishiri kamar yadda shike zama cikin ruwan daɗi. Irin namu na Afirka ana samun shi bakin teku tun daga Senegal har Angola. Shina hawowa cikin gulabe: Isa har cikin Mali, Binuwai, da tabkin Lere na Cadi. Shina da dangi a Amurka, da wani ɗan'uwa cikin Bahar Maliya, tekun da alhazai ke ƙetarewa. Cikin dabbobin tudu kuwa, giwa na cikin danginshi na kusa.

Babba kan kai mita 3 ko fiye, nauyi kilo 300 zuwa 500. Hannuwanshi biyu kamar filafilin jirgi, da 'yan farce a bakinsu. Nonon macen cikin hamata shike. Bayan 'yan mintoci sai ya ɗago hanci ya shaƙi iska. In ya faɗa cikin taru bai samu ɗagowa ba, ruwa na kashe shi kamar yadda shike kashe mutum. Abincinshi galibi hakin ruwa ne, kamar burgu, wanda shanu ma ke so. Ba shi da ƙaho, ba shi da haure, ba shi faɗa da kowa. Gaskiya ne shina shiga gonar shinkafa, wani lokaci kuma ya yaga taru ko ya taɓa kifin da ke ciki. Masunta da manoman bakin gulbi ba ƙarya suke ba in sun yi kuka da shi.

Ga inda maganar take. Ayu na ɗaukar ciki shekara guda, ko ta ɗan fi. Ta haifi ɗa guda. Ta yi ta goyonshi har wajen shekara biyu. Sai kamar bayan shekara uku ta sake haihuwa, wani lokaci ma ta fi haka. In ta yi shekara 30 tana haihuwa ba tare da wata matsala ba, ɗiya 10 ke nan. Malam-buɗe-littafi kuwa ƙwai 500 cikin sati uku.

Amsar dattijo

Da kwana bakwai sunka cika, na tsaya gaban allo. Na ja layi tsakiya. Hannun dama na rubuta: ƙwai 500, wata 1. Hannun hagu na rubuta: ɗa 1, shekara 3. Na ba su labarin duka, har da na kwalbata. Na tambaye su: "In mutum ya kashe malam-buɗe-littafi 100, wani kuma ya kashe ayu guda mai goyo, wane ya fi ɓarna?"

Samari sunka ce mai 100, don 100 ta fi 1.

Dattijon nan ya girgiza kai. Ya ce: "Yara, ba ku yi kiwo ba. Malam, ayun nan raƙuma ce." Ya juya wajen samarin ya ce: "Akuya wata 5 take haihuwa, sau da yawa tagwaye. Saniya wata 9. Raƙuma wata 13, ɗa guda, sai kuma bayan shekara biyu. Farin 1984 ya share mana garke. Awaki shekara uku sunka cika gida. Shanu sai da anka daɗe. Raƙuma kuwa, akwai gidan da har yau ba su komo ba. Makiyayin kirki ko yunwa ta kama shi, bunsuru shike yankawa. Ba shi sa ma raƙuma mai goyo wuƙa."

Jama'a, ni ne malami, amma ran nan ni anka karantar. Abin da na yi kwana bakwai ina nema cikin takarda, tsohon ga ya san shi tun cikin garke.

Kowace halitta da yadda Allah ya tsara mata maida asara. Malam-buɗe-littafi tsuntsaye na cin shi, iska na jefa shi cikin teku, cikin ƙwai 500 kaɗan ke kai ga tashi. Duk da haka damina guda mai kyau ta isa shi cika daji. Ayu ba shi da wagga dama. In an kashe uwa, an kashe ɗan da ke bayanta, an kashe waɗanda za ta haifa gaba. Malam-buɗe-littafi kuma in wuri ya ɓaci sai shi tashi shi bar shi. Ayu iyakarshi ruwa. In gulbi ya janye da rani, shikan maƙale cikin gurbi, kowa na ganin shi. Cikin watan Yuni na 1985 gulbin Isa ya tsaya da gudu a Yamai, mutane na ƙetarewa da ƙafa. Ku tuna halin ayu cikin irin wagga shekara. Madatsun ruwa kuma, kamar na Markala a Mali da na Kainji a Najeriya, sun tare mishi hanya, sun raba dangi da dangi.

Abin da ya faru ga waɗansu

Kada mu ce abin da ke cikin ruwa ba shi ƙarewa. Can arewacin duniya, cikin teku mai sanyi tsakanin Rasha da Amurka, an yi wani babban ɗan'uwan ayu mai tsawon mita 8. Matuƙan jirgin ruwa sun fara ganin shi a 1741. Sunka ɗanɗana namanshi da kitsenshi, sunka ji daɗi. Zuwa 1768 babu ko guda. Shekara 27 kawai. Yau sai ƙasusuwa.

Ga kuma labari mai daɗi, nan cikin Dallol namu. Raƙumin dawa na wajen Kure, shi ma ɗa guda shike haihuwa bayan ciki na wata 15. A 1996 an ƙidaya, saura 49 duk Afirka ta Yamma. Hukuma da talakawan wurin sunka haɗa kai, anka bar kashe su. Zuwa 2018 sun wuce 600, har anka ɗauki 8 anka kai dajin Gadabeji. Sai da anka yi haƙurin shekara 20 da wani abu. Dabba mai haihuwar ɗa guda tana komowa, amma sai an ɗauke mata wuƙa, an kuma jira.

Dokar ƙasarmu mai lamba 98-07, ta ran 29 ga Afrilu 1998, ta sa ayu cikin dabbobin da anka hana kashewa sam. A 2013 kuma ƙasashen duniya, a taronsu na birnin Bankok, sunka hana cinikin ayun Afirka da manshi da ƙashinshi tsakanin ƙasa da ƙasa.

Mu da ke nesa da gulbi

Wani zai ce: "Mu Kurfayawa ina ruwanmu? Ba mu da jirgi, ba mu da mashi." Haka ni ma na zata. Amma mai mashi don wa shike kwana cikin sauro shina dako? Don mai jikka biyu irina. In babu mai saye a Filinge da Bonkuku da Abala da Balleyara, kwalba ba ta tasowa daga bakin gulbi. Wani cikin aji ya ce ai yawancin abin da ake tallar shi da sunan man ayu jabu ne, kitsen wata dabba ce. Na ce to, asara biyu ke nan. In jabu ne, an ci kuɗɗinka. In na gaske ne, an kashe uwa da sunanka.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa abu uku.

Na ɗaya, mu bar sayen man ayu. Mai ciwon gwiwa ko kunne a kai shi likita tun da wuri. Ni na gwada kwalba, ban ga amfaninta ba.

Na biyu, samarinmu masu zuwa cin rani bakin gulbi, in kun ga ayu ya maƙale cikin gurbi ko cikin taru, ku gaya ma mai gari da ma'aikatan gandun daji. Kada ku shiga layin rabon nama.

Na uku, shi ma baƙonmu mai fiffike shina da hakki bisanmu. Kisa ba shi ƙare shi, amma rashin fure da haki na korar shi. In muna sharar gona, kada mu tumɓuke sabara duka, mu bar waɗansu rassa su girma. Kada mu sare kurna. Mu kiyayi wutar daji. Maganin ƙwari kuma a fesa shi inda malamin gona ya ce, gwargwadon da ya ce. Sabarar da ke ciyar da shi ita ke tare mana iska da rairayi, ita ke ba awaki ganye da rani.

Dattijon nan yanzu ya iya rubuta sunanshi. Kalma ta biyu da ya roƙa in koya mishi ita ce "ayu". Ya ce harafi uku ne, ba ta da wuya, kuma shina so shi nuna ma jikokinshi. Ni ko duk lokacin da na ga kwalba cikin tiren mai magani, nonon nan nike tunawa, da tsohon masuncin da ke duban ruwa.

Masu karatu na bakin gulbi, daga Ayoru har Gaya, ku rubuto ma jarida abin da kuka sani game da ayu a wajenku. A karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah shi yafe mana abin da munka yi cikin rashin sani, shi ba mu damina mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, ƙasar Filinge.